Stim da PyMatching: yadda na same su wajen gwada gyaran kuskure a kan cip mai ƙarancin mahaɗai

Duk wanda yake son sanin yadda gyaran kuskure zai kaya a kwamfutar kwantam wadda kubit ɗinta ba sa iya hulɗa da kowa sai maƙwabta biyu ko uku, Stim ce manhajar da zan fara nuna masa, manhajar da ke kwaikwayon aikin kwamfutar kwantam a kan kwamfuta ta yau da kullum. Kyauta ce, ba ta da nauyi, saurinta kuma ya wuce yadda mutum zai zata. Sai dai akwai abu guda da ya kamata a sani tun kafin a sauke ta. Stim ba ta san yadda aka saƙa cip ɗinka ba, kuma ba za ta tambaye ka ba. In ka ce ta haɗa kubit na 3 da na 90 za ta haɗa, ko da a kan ainihin na'urar babu wata hanya tsakaninsu. Yawancin yabona da ƙorafina a kan wannan gaɓar suka rataya.

Lissafi nake koyarwa, kuma ta ɓangaren kod-kod na gyaran kuskure na shigo wannan harka, irin waɗanda ke sa saƙon waya ya iso daidai duk da raunin sabis. Ba ni da ɗakin gwaji, ba ni da firjin da ke sanyaya cip zuwa 'yan milikelbin. Laftof gare ni mai matsakaicin ƙarfi da Python a ciki. Da shi na yi duk abin da zan faɗa a nan.

Ga wanda bai saba da fannin ba, kubit shi ne takwaran bit a kwamfutar kwantam, kuma abu ne mai saurin lalacewa. A kwamfutar da muka sani, idan ana tsoron bit ya juye sai a kwafe shi gida uku a bi rinjaye. A kwantam wannan hanya a toshe take, domin tun 1982 aka tabbatar ba a iya kwafar yanayin kubit da ba a sani ba, kuma da ka auna shi kai tsaye ka rushe abin da yake ɗauke da shi. A 1995 Peter Shor ya nuna mafita da kubit 9: a baza bayanin kubit ɗaya cikin masu yawa, a riƙa tambayarsu rukuni-rukuni ko sun yi daidai da juna, ba tare da an tambayi kowa abin da ke hannunsa ba. Tsarin da ya fi karɓuwa yau shi ne kod ɗin shimfiɗa, wanda ya samo asali daga aikin Alexei Kitaev a ƙarshen shekarun 1990. Ana jera kubit masu ajiya a kan allo mai gida-gida, a sa masu gadi a tsakaninsu, kowane mai gadi na tsakiya yana duba maƙwabta huɗu. Ƙarfin kod da tazara ake auna shi, wato mafi ƙarancin kurakuran da za su haɗu su ɓata bayanin masu gadi ba su ankara ba. Tazara 3 tana cin kubit 17, tazara 5 tana cin 49, tazara 7 kuma 97. Idan kuskuren na'ura yana ƙasa da wani geji, wajen kashi 1 cikin 100, ƙara tazara yana rage ɓarna. Idan ya haura gejin, ƙarin kubit ƙarin ɓarna ne. A Disamba 2024 Google ta nuna ta sauka ƙasa da gejin da cip ɗinta Willow mai kubit 105: daga tazara 3 zuwa 5 zuwa 7, kowane hawa kuskuren yana raguwa da ninki 2.14, har ya kai kashi 0.143 cikin 100 a kowane zagaye, wato duk lokacin da masu gadi suka gama duba maƙwabtansu sau ɗaya.

To, waɗannan maƙwabta huɗu su ne tushen magana. Kowane mahaɗi da aka ƙara a cip, wato hanyar da ke ba kubit biyu damar hulɗa, yana zuwa da nasa ciwon kai. Siginar da aka aika wa kubit ɗaya tana iya taɓa na kusa da shi, kuma a na'urorin da kowane kubit yake da tsayayyiyar mitar da yake amsa sigina a kanta, in mitar maƙwabta biyu ta yi kusa da juna aikin da ke tsakaninsu ya lalace. Shi ya sa IBM ta shafe shekaru tana gina cip ɗinta a tsarin saƙar zuma, da kubit a kowace kusurwa da ƙarin kubit a tsakiyar kowane gefe. Na kusurwa maƙwabtansa uku, na gefe biyu. Eagle na 2021 kubit 127 ne da mahaɗai 144 kacal. Heron da ya fito a Disamba 2023 da kubit 133, da wanda ya biyo shi mai 156, duk a kan wannan saƙa suke. Sai a Nuwamba 2025 kamfanin ya sanar da Nighthawk mai gida-gida, kubit 120 da mahaɗai 218. Ka dubi bambancin: 144 ga kubit 127, da 218 ga kubit 120. Tambayar da ta kawo ni wurin Stim ita ce, me ake asara idan aka ɗora kod mai son maƙwabta huɗu a kan cip mai ba da biyu ko uku?

Craig Gidney na sashen kwantam na Google ne ya rubuta Stim, ya fitar da ita a 2021 ƙarƙashin lasisin Apache 2.0. Da C++ aka gina ta, amma ta Python ake sarrafa ta, kuma layi ɗaya ya isa a girka ta tare da abokan tafiyarta: `pip install stim pymatching sinter`. Bayan wannan ba ka buƙatar intanet, abin da na ji daɗinsa ƙwarai.

Sirrin saurinta yana cikin abin da ta ƙi yi. Manhajar kwaikwayo ta gama-gari dole ta riƙe lambobi 2 sau 2 sau 2 har adadin kubit ɗin, ta yadda kubit 30 kawai suna cinye gigabayit 16. Stim ta taƙaita kanta ga ayyukan da ake kira na Clifford, irin su H da S da CNOT da CZ da awo, waɗanda ka'idar Gottesman da Knill ta nuna kwamfuta ta yau da kullum tana iya bin sawunsu cikin sauƙi. Sakit ɗin gyaran kuskure kuwa, wato jerin ayyukan da ake yi wa kubit mataki-mataki, kusan duka da waɗannan ayyuka ake gina shi. Tana bin sakit ɗin sau ɗaya ba tare da kuskure ba ta ajiye sakamakon, daga nan sai ta riƙa bin inda kurakurai ke tafiya kaɗai, ɗaruruwan gwaje-gwaje a lokaci guda. Alƙaluman da mai ita ya bayar su ne, sakit na tazara 100, mai kubit dubu 20 da ayyuka miliyan 8 da awo miliyan 1, tana nazarinsa cikin daƙiƙa 15, sannan ta fara fitar da gwaji dubu a kowace daƙiƙa. Ban kai tazara 100 ba don ba ni da buƙata, amma a tazarar da nake aiki, 3 zuwa 9, fitar da gwaje-gwajen bai taɓa zama abin da nake jira ba.

Farkon shiga akwai daɗi. Ka kira `stim.Circuit.generated` ka ba ta sunan `surface_code:rotated_memory_z` da tazara da yawan zagaye da girman kuskure, ta miƙo maka sakit cikakke. Ka ce ta fitar da taswirar kurakurai, wato jerin duk kuskuren da zai iya faruwa, da yiwuwarsa, da alamomin da zai kunna, wato awon masu gadi da zai sauya. Ka miƙa taswirar ga PyMatching, wadda dikoda ce, wato manhajar da ke hasashen abin da ya faru daga alamomin. Ka zana sakamakon tazara 3 da 5 da 7 a kan allo ɗaya, ka ga layukan sun gitta juna a wuri guda ƙasa kaɗan da kashi 1 cikin 100. Gejin ke nan a gabanka. Na karanta labarin wannan geji a takardu da yawa, amma ganin layukan suna haɗuwa a kan laftof ɗina ne ya zaunar min da shi.

Inda Stim ta fi burge ni wani ƙaramin gwaji ne da nake ba kowa shawarar ya yi. Kowane mai gadi yana taɓa maƙwabtansa huɗu ɗaya bayan ɗaya. A ce kuskure ya same shi bayan ya gama da na biyu. Wannan kuskure guda zai bi shi ya shiga na uku da na huɗu, ya zama biyu. Masana fannin suna kiran wannan kuskuren ƙugiya. Maganinsa shi ne tsarin ziyara: masu gadin nau'i biyu ne, na nau'i ɗaya su bi maƙwabtansu a siffar harafin Z, ɗaya nau'in su bi a siffar N, ta yadda kurakuran biyu za su kwanta a gicciye da hanyar da ke ɓata bayani. Da gangan na ɗauki sakit na tazara 5 na musanya tsarin, masu bin Z suka koma N, masu bin N suka koma Z. A ido babu abin da ya canza. Kubit 49 suna nan, adadin CNOT, aikin da ke haɗa mai gadi da maƙwabcinsa, yana nan, in babu kuskure duk awo yana fitowa daidai. Sai na kira `shortest_graphlike_error`, wadda ke nemo mafi gajeren jerin kurakuran da za su ɓata bayani a ɓoye. A sakit na asali ta dawo da 5. A wanda na musanya ta dawo da 3, kuma ta nuna min kowane ɗaya, a wane mataki, a kan wane kubit. Ka biya kuɗin tazara 5 ka tashi da kariyar tazara 3, saboda tsarin ziyara kawai. Duk wanda zai taɓa cip mai ƙarancin mahaɗai yana buƙatar wannan ma'auni a hannunsa, domin a can kowace dabara ta kewaye rashin mahaɗi tana buɗe sabuwar ƙofa ga irin wannan ƙugiya.

Daga nan aiki ya koma wuyana. Sakit ɗin da Stim ke iya ƙera maka da kanta na kod ɗin maimaici ne, da na shimfiɗa, da na launi. Babu na saƙar zuma. Babu kuma wurin da za ka shigar da taswirar mahaɗan cip ɗinka kamar yadda ake yi a Qiskit ta IBM, inda manhajar ke nema maka hanya da kanta. Da hannu za ka rubuta matsayin kowane kubit, da hannu za ka jera ayyuka mataki-mataki. Abu na farko da na rubuta shi ne ɗan shirin da ke bin sakit daga farko zuwa ƙarshe, yana duba kowane aikin kubit biyu ko yana cikin jerin mahaɗan da cip ɗin ya yarda da su, da kuma ko an sa kubit ɗaya aiki biyu a mataki guda. Layuka kaɗan ne, amma da an sa irinsa a cikin manhajar da ya ceci sababbin shiga daga fitar da sakamako mai kyau a kan na'urar da ba za a iya ginawa ba.

Hanyar da ta fi zuwa wa mutum a kai ita ce SWAP, a riƙa musanya kubit da maƙwabcinsa har ya isa inda ake so. SWAP ɗaya CNOT uku ne. In kowane CNOT yana kuskure sau 3 cikin 1000, SWAP guda ya doshi 9 cikin 1000 tun ba a fara ainihin awon ba. Abin ya yi kama da miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu wajen zuba dekin, kowane hannu da abin da yake zubarwa. Wannan ma da sauƙi. Babbar illar ita ce idan kubit biyun da ake musanyawa duka masu ajiya ne, kuskure ɗaya a tsakiyar SWAP ɗin yana samun su biyun. Na gina irin wannan sakit, Stim ta nuna tazarar ta faɗi, layukan da na zana kuma mahaɗarsu ta ja baya sosai zuwa ɓangaren ƙaramin kuskure. Wato na'urar sai ta fi tsabta ƙwarai kafin kod ɗin ya fara amfani. Matsar da bayani zuwa kubit da babu komai a cikinsa ya fi aminci, kuma CNOT biyu sun isa, amma fa sai an ware kubit na musamman don hanya.

Dabarar da ta fi dacewa da saƙar zuma ita ce kubit mai tuta, wadda Rui Chao da Ben Reichardt suka fito da ita a 2018. Kubit ɗin da ke tsakanin mai gadi da mai ajiya ana amfani da shi a matsayin gada, sannan a auna shi. In komai lafiya zai nuna sifili. In kuskure mai yaɗuwa ya ratsa ta kansa zai ɗaga tuta, dikoda ta san inda za ta duba. A 2020 Christopher Chamberland da abokan aikinsa a IBM suka wallafa kod da aka ɗinka daidai wannan saƙa, kuma a 2023 aka wallafa gwajinsa a tazara 3 da kubit 23 a kan na'ura ta gaske. Rauninsa sananne ne: nau'in kuskure ɗaya ne kawai yake da geji a kansa. Ga ɗaya nau'in, ƙara tazara yana taimakawa zuwa wani matsayi, daga nan ya fara cutarwa. A Stim wannan yana fitowa fili idan ka yi gwajin ajiya a kan nau'o'in kuskuren biyu, ka ga zane ɗaya layukansa sun gitta a wuri guda, ɗayan kuma kowane layi biyu da nasu wurin gittawa.

Akwai tarko a nan da nake so in ja kunne a kansa da babbar murya. A sakit ɗin da ka rubuta da kanka, Stim ba ta sa kuskure ko ɗaya sai wanda ka rubuta. Kubit da ke zaune yana jiran a gama da maƙwabcinsa, a na'ura ta gaske lalacewa yake yi a wannan zaman. Ƙarancin mahaɗai kuwa babban abin da yake jawowa shi ne tsawaita zagaye da yawan zaman jira. In ba ka sa kuskuren zama a kowane mataki ba, cip mai mahaɗai uku zai fito da kyau fiye da gaskiyarsa, kuma babu gargaɗin da za ka samu. Haka ma awo, wanda a kubit na sufakondakta, irin na IBM da Google, ya fi sauran ayyuka jinkiri da yawan kuskure. Gidney da abokansa suna da wani tsarin kuskure da suke kira SI1000, inda kuskuren awo ya ninka na aikin kubit biyu sau 5, amma ba ya cikin abin da ka sauke, sai ka rubuta irinsa. Saboda haka duk lokacin da na ga wani ya kwatanta gejin tsari biyu, tambayata ta farko ita ce wane tsarin kuskure ya sa, kuma ko ya caji masu zama.

Abin da ya sauya min tunani a kan batun gaba ɗaya aikin Matt McEwen da Dave Bacon da Gidney ne na 2023. Sun nuna cewa kod ɗin shimfiɗa ba lallai sai da mahaɗai huɗu ba. In ka daina kallon zagaye a matsayin mai gadi tsaye yana ziyartar mutum huɗu, ka dubi yanayin kubit ɗin a tsakiyar zagaye, za ka iya tsara zagaye biyu masu bin juna, na biyu yana warware na farko, a kan cip da kowane kubit yake da maƙwabta uku, kuma kariyar kusan ɗaya ce da ta asali. Da Stim suka auna sakit ɗin nasu, daga baya Google ta gwada dabarar a kan na'ura. Na fahimci aikin ne ta Crumble, ɗan allon zane da ke tare da Stim wanda ake buɗewa a burauza. Kana sa alama a kan wani rukunin kubit, kana matsawa mataki-mataki, kana kallon yankin da alamar ta rufe yana faɗaɗa, yana tsukewa zuwa kubit ɗaya a auna shi, yana sake buɗewa. Bayanin da na yi ta juyawa a takarda, a nan da ido na gan shi. Maɓallan Crumble sai an haddace su, kuma ba a yi shi don waya ba, amma ya cancanci wahalar. A lura dai, maƙwabta uku ga kowa daban ne da saƙar IBM, inda yawancin kubit biyu gare su.

PyMatching aikin Oscar Higgott ne, kuma sigarta ta biyu da ya yi tare da Gidney a 2022 ta ninka ta farko sauri sau 100 zuwa 1000. Tushenta hanyar Jack Edmonds ce ta 1965 ta haɗa ɗigo biyu-biyu a mafi arha. A cewar masu ita, a kuskuren kashi 0.1 cikin 100 tana warware zagaye ɗaya na tazara 17 a ƙasa da mikrosakan ɗaya, kusan saurin da na'urar gaske ke fitar da alamomi. Haɗa ta da Stim layi ɗaya ne, kuma a kod ɗin shimfiɗa ban sami abin kushewa ba.

Iyakarta ita ce tana son kowane kuskure ya kunna alama biyu ko ƙasa da haka. Wanda ya kunna uku ko huɗu sai Stim ta farfasa shi zuwa ƙanana da `decompose_errors=True`. A sakit mai tutoci wani lokaci farfasawar ba ta yiwuwa, Stim ta tsaya ta nuna maka kuskuren da ya gagara. Akwai zaɓin cewa ta kau da kai ta wuce. Ban ba da shawarar a taɓa shi ba sai an san abin da ake yi, don dikodar za ta yi aiki da taswira mai giɓi, ka ɗora wa cip laifin da na dikoda ne. A irin wannan sakit ma `shortest_graphlike_error` ba ta wadatar ba, sai an haɗa da `search_for_undetectable_logical_errors`, wadda ta fi jinkiri amma tana duba kurakurai masu alamomi da yawa.

Wannan iyaka tana da muhimmanci saboda inda fannin ya dosa. A Maris 2024 Sergey Bravyi da abokan aikinsa a IBM suka wallafa kod da ke kare kubit 12 da kubit na zahiri 288, 144 masu ajiya 144 masu gadi, aikin da kod ɗin shimfiɗa zai ci kusan 3000. Farashinsa mahaɗai ne: kowane kubit sai ya haɗu da shida, wasu daga cikinsu a nesa. Kamfanin da ya yi suna da mahaɗai biyu zuwa uku shi ne ya sanar da cip ɗin gwaji mai suna Loon da dogayen mahaɗai a 2025, a kan hanyarsa ta zuwa Starling da ya ce zai kammala a 2029 da kubit masu kariya 200. Stim tana kwaikwayon wannan kod lafiya lau, tun da duk ayyukansa na Clifford ne. PyMatching ce ba ta iya warware shi, sai a koma ga dikoda irin BP-OSD da ke cikin kunshin `ldpc` na Joschka Roffe. Nan ne jira ya dawo, domin warwarewar ta fi fitar da gwaje-gwajen jinkiri nesa ba kusa ba.

Sinter ce ta sa wannan jira ya zama abin jurewa. Ka ba ta tarin sakit, ka faɗa mata ta tsaya idan ta tara kurakurai kaza ko gwaji kaza, ta rarraba aikin ga duk ƙwaƙwalen laftof ɗin, tana rubuta sakamako a fayil yayin da take tafiya. In wuta ta ɗauke batir ya mutu cikin dare, da safe ka sake ba ta umarnin ta ɗora daga inda ta tsaya. Ga mai aiki a inda nake, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma zana sakamakon da inuwar da ke nuna girman rashin tabbas, abin da ke hana mutum murna da ɗigon da kurakurai biyu ko uku kawai suka haifar.

Akwai abubuwan da Stim ba ta gani sam, kuma ya kamata mai amfani da ita ya riƙe su a rai. Kurakuranta na Pauli ne, juyewar X ko Y ko Z bisa sa'a. Kubit na sufakondakta kuwa yana iya tsallakewa ya bar matakan 0 da 1 ya hau na 2, ya zauna can zagaye da yawa yana ɓata maƙwabta. Akwai kuskuren da ke taruwa a hankali saboda sigina ta ɗan wuce kima. Akwai lamuran da ke buge kubit da yawa lokaci guda, irin waɗanda Google ta ce tana gani kusan sau ɗaya a awa a gwajinta na Willow. Mafi muhimmanci ga batunmu, katsalandan na sigina tsakanin maƙwabta da karon mita, wato ainihin dalilin da ya sa ake rage mahaɗai, ba sa fitowa da kansu. Don haka in ka sa girman kuskure iri ɗaya ga cip mai huɗu da mai uku, ka nuna asarar rage mahaɗai ne kawai, ribar ba ta shiga lissafi ba. Tambayar da Stim ke amsawa da kyau ita ce, nawa ne cip mai ƙarancin mahaɗai zai fi ɗayan tsabta kafin su yi kunnen doki? Ko zai kai wannan tsabtar, wannan sai masu ƙera na'ura. Kuma duk wannan magana ta cip ne da kubit ɗinsa ke kafe. Na'urorin ayon irin H2 na Quantinuum mai kubit 56, da na atom da ake ɗagawa da hasken leza, suna kai kowane kubit wurin kowane, su kuma da jinkiri suke biya.

Ƙorafina na yau da kullum a kan rubuta DETECTOR ne, umarnin da ke faɗa wa Stim waɗanne awo za a haɗa su zama alama ɗaya. Ana nuna awo da ƙirgen baya, `rec[-1]` na ƙarshe, `rec[-9]` na tara daga ƙarshe, ta yadda ƙara awon tuta ɗaya a tsakiya yana gusar da duk lambobin da ke bayansa. Kowa da na ga aikinsa ya ƙare da rubuta nasa ɗan shirin da ke ba awo suna. Abin da ke rage zafin shi ne in alamar ba ta daidaita ba, Stim ba ta yin shiru. Tana ƙin fitar da taswira, ta faɗi wace alama ce ba ta da tabbataccen sakamako, ta nuna matakin da matsalar ta faro. Bayanan jagora kuma darasin farko yana da kyau, amma daga shi sai dogon jerin umarni, babu matakala a tsakani ga mai son gina nasa sakit.

Wanda bai riga ya san matris na Pauli da ma'anar stabilaiza ba, ya fara da su, in ba haka ba zai riƙa samun lambobi bai san me suke faɗa ba. Wanda kuma burinsa ya gwada algoridim na Shor ko na Grover, Qiskit ko Cirq ne nasa, domin Stim ba ta da aikin T, wanda ba ya cikin na Clifford. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a lissafi ko fiziks ko kimiyyar kwamfuta da ke neman aikin bincike na gaske wanda ba ya buƙatar ɗakin gwaji, shi na fi yi wa wannan rubutu. IBM tana ba da minti 10 kyauta a wata a kan na'urorinta, kuma ni ba na kai sakit can sai ya wuce abu uku a Stim: shirin duba mahaɗai bai kama komai ba, tazarar da aka auna ta yi daidai da wadda aka yi niyya, kuma kowane kubit da ke zaune an caje shi kuskuren zamansa.